Wai Bai Wuce Mil Shida Ba

Clinton, Maryland
Agusta, 2013

Zuwa ga Yayana Gregory,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Atine da yara da dukan mutanen gida a Bukur. Yaya gwiwar taka? An ce mini damina ta yi ƙarfi bana, kuma na san sanyin Jos da wannan gwiwa ba sa ga maciji. Don Allah ka riƙa shan maganin da na aiko kullum, ba sai ciwon ya kwantar da kai ba, don na san halinka. Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi, ya albarkaci gonar dankali, ya tsare mana ku. Mu nan muna lafiya. Baban yara yana nan yana fama da aikinsa, ni ma ina asibiti kamar kullum. Yaran sun yi tsawo har sun wuce ni, in yi musu Hausa su ba ni amsa da Turanci, amma dai suna durƙusawa su gai da manya, wannan kam ban bari ya kuɓuce ba.

Yaya, ranar Lahadi da muka yi waya na so in yi maka bayanin abin da ya faru a wurin gaisuwar auren 'yarka Diana, amma na tarar ƙanenka, Yaya Chuwang, ya riga ni. Duk inda na ɗauko magana sai ka tare ni, ka ce tunda 'yan sanda da bakinsu sun ce bai yi gudu ba, to tsautsayi ne, a bar wa Allah. Kafin in haɗiye yawu in sake farawa, katin waya ya ƙare. Na ajiye wayar raina a ɓace, har Baban yara yana tambayata ko mutuwa aka yi. Shi ya sa na zauna na rubuto, don takarda ba a katse ta. Ka daure ka karanta har ƙarshe, ka ji ta bakin wadda take cikin jirgin kuma ba ta sha komai ba.

Ka dai san bara Yaya Chuwang ya sayi jirgin ruwa, tsohon hannu, mai faɗin ciki da rumfa, yana ɗaure shi a bakin ruwa can Southwest Washington kusa da ofishinsu. Mutumin da aka haifa a kan dutse, wanda ko a tafkin haƙar kuza bai taɓa tsoma ƙafa ba, yau shi ne da hular matuƙa mai zare-zaren zinariya. Kuɗinsa ne, kuma mutum in ya yi shekaru yana lissafin gwamnati ya cancanci abin da zai sa shi dariya. In ka je gidansa ba ka da wata hira sai ta jirgi da dokokin ruwa, ya haddace su kamar ayoyin makarantar Lahadi. Wadda ya fi ƙauna ita ce dokar gudu: a mashigin da ake ɗaure jiragen, ba a yarda kowa ya wuce mil shida a awa ba. Tafiyar mai keke ce da bai karya kumallo ba.

Da ka wakilta shi ya tsaya a madadinka ya karɓi mutanen Longji, yaron da ke neman Diana, na yi murna, don shi ne babba a nan. Na share falona, na ce a yi a gidana, ga wuri ga kujeru. Sai ya ce a'a, a kan jirginsa za a yi, domin surukai su san 'yar gidan wa suka zo nema. Na tuna masa cewa a irin wannan zama akwai sha, kuma shi ne mai shan, shi ne kuma mai tuƙin. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce Kaneng, aikin asibiti ya sa miki tsoro. Wai a ruwa babu kwana, babu rami, babu ɗan acaɓa, kuma doka ta riga ta ɗaure wa kowa ƙafa, a mil shida ko makaho ba zai yi haɗari ba. Na ce masa makaho ya san shi makaho ne, shi ya sa yake lalube. Ya ce in kula da bakina, da yayana nake magana.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, da rana tsaka muka hallara. Daga wajensu akwai Longji, da mahaifiyarsa Mama Olive, wadda ta zo daga Pankshin musamman don wannan, da kawunsa Jerome da ke zaune a Annandale, da wasu dattawa biyu. Daga wajenmu ni da Diana da matar Yaya Chuwang da wata 'yar zumuntar matan cocinmu. Mata duk mun sha anko, leshi mai nauyi ruwan goro, an kafa gwaggwaro kamar za a taɓa sama. Akwai rigunan ruwa a ƙarƙashin kujeru, irin waɗanda ke hana mutum nutsewa. Na fito da su na rarraba, kowa ya karɓa ya ajiye a gefe, wai za su ɓata hoto, wa zai ɗora wannan jan abu a kan leshin da aka ɗinko daga gida? Yaya Chuwang ma cewa ya yi doka ta ce su kasance a cikin jirgi ne kawai, ba ta ce sai babba ya sa ba. Na sa tawa ni kaɗai, suna ta yi mini dariya wai na koma ma'aikaciyar gyaran titi. Ka tuna fa, in ka cire Longji da ya koyi iyo a makaranta a nan, duk cikinmu babu wanda zai iya ƙetare kwatami.

Muka fita sannu a hankali har inda kogin Potomac ya buɗe, ya kashe inji ya saki ƙarfen tsayawa. Aka yi addu'a, aka ci abinci, Jerome ya gabatar da abin da ya kawo su, kuma gaskiya ya iya magana, har na ga Diana tana share ido. Sai aka zo kan al'adar gidanmu, wadda ka fi ni sani: kowane dattijo daga wajen masu nema ya cika ƙoƙo ya miƙa wa uban yarinya, shi kuma ya shanye ya kife, domin in ya rage ko kurɓi ɗaya ne, alama ce da sauran magana a ransa. Yaya Chuwang ya fito da ƙoƙon nan na Baba da ka aiko masa, a naɗe cikin farin ƙyalle. To a gida burkutu ake zubawa, a gindin mangwaro, ɗakin mutum na bayansa, in ya ji kansa ya yi nauyi ya shiga ya kwanta. A nan ina za a sami burkutu? Mutanen Longji sun zagaya ba su samu ba, don haka suka sayo wuski mai tsada don su girmama mu. Abin sha ya canza, ƙoƙo bai canza ba. Jerome ya zuba kamar yana zuba kunu.

Na matsa kusa da shi na raɗa masa cewa ya taɓa baki kawai ya miƙa wa na kusa, ai kai kanka haka kake yi tun da aka naɗa ka dattijon ikilisiya, kuma babu auren da ya fasu saboda haka. Ya harare ni, ya ce a gaban baƙi mace ba ta koya wa namiji riƙon ƙoƙo. Ya shanye na Jerome ya kife. Dattijo na biyu ya ga an shanye na wancan, ina zai yarda nasa ya zama ƙarami? Na uku ma haka, ko da yake shi ya ɗan ji tsoron Allah ya tsaya a rabi. Aka yi guɗa, aka yi tafi, aka ce an ba da Diana. Ni kuwa ina kallon idon Yaya Chuwang yana sauya launi, harshensa ya fara nauyi, yana kiran Longji da sunan wani yaro da ya taɓa neman Diana tun tana jami'a.

Da lokacin komawa ya yi, Longji ya zo ya durƙusa a gabansa da ladabi. Yaron nan ba ya sha, kuma ya taɓa tuƙa irin wannan jirgi da abokan aikinsa. Ya ce Baba, ka huta, ka bar ɗanka ya kai ku gida. Kai ka ji yadda ya sa maganar, ko dutse ya ji ya yi laushi. Yaya Chuwang ya ce yau aka ba shi yarinya, yau kuma yake son ya karɓe jirgi, gobe sai gida? Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi don kada a ji kunya. Na dubi Jerome, ya sunkuyar da kai, shi baƙo ne, kuma shi ya zuba. Na dubi matar Yaya Chuwang, ta kawar da fuska. Na tashi na ce Yaya, don girman Allah ka ba yaron nan sitiyari. Ya ce in zauna. Yaya Gregory, mutum goma ne a jirgin nan, kowa ya ga halin da yake ciki, amma aka rasa mai cire masa hannu daga sitiyari, saboda kowa ƙane ne ko mace ko suruki.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Bai yi gudu ba. Ko kaɗan. Da muka shigo mashigin sai ya rage tafiya har kamar ba ma motsi, ya kafa ido a kan agogon gudu, yana shela wa surukai cewa su duba da kyau, biyar da rabi, su shaida shi mai bin doka ne. Allurar yake kallo, bakinsa har kunne, bai ɗaga kai ya dubi gabansa ba. Mama Olive, baiwar Allah, murna ta cika ta, ta miƙe a gaban jirgin tana rera waƙar godiya da yarensu, tana ɗaga hannu sama. Ni na hango ginshiƙin gadar katakon da ake ɗaure jirage yana nufo mu, na yi ihu, Longji ya yi ihu. Yaya Chuwang ya ɗago a hankali kamar wanda aka tasa daga barci, ya murɗa sitiyari ta inda bai kamata ba. Karon bai fi a ce ka buge ƙofa da kafaɗa ba, kwanon shinkafa ma bai kife ba. Amma Mama Olive tana tsaye a baki, hannunta ba ya riƙe da komai. Sai gani muka yi babu ita.

Ban iya rubuta maka yadda na ji ba. Gwaggwaronta ne kawai ke yawo a kan ruwa. Leshin nan da muka yi ta yabo ya sha ruwa ya ja ta ƙasa kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. Longji ya faɗa da takalminsa da komai, ya nutse ya fito babu ita, ya sake nutsewa. Diana tana ta kururuwa. Ni ina ta ihu a kashe inji, don farfelar tana juyawa a inda mutane suke, amma mai jirgin yana tsaye yana maimaita cewa ai biyar da rabi yake yi, sai da na ture shi na murɗe makullin da kaina. Allah ya sa akwai mutane a kan gadar, wani Bature ya miƙo doguwar sanda mai ƙugiya, aka jawo su biyun. Da aka shimfiɗe ta ba ta numfashi. Na durƙusa a kanta ina danna ƙirji ina kiran sunan Yesu, aikin da nake yi wa baƙi a asibiti, ban taɓa zaton zan yi wa surukar gidanmu a ranar gaisuwa ba. Da ta yi tari ta amayo ruwa, na juya ta gefe ina gode wa Allah. Sai da ta kwana biyu a asibiti saboda ruwan da ya shiga huhunta.

'Yan sandan ruwa suka zo, suka sa Yaya Chuwang ya hura na'urarsu ta gwajin maye, suka tafi da shi, da hular tasa da babbar riga. An sake shi, amma akwai kotu a gaba, kuma laifin da aka rubuta masa tuƙi cikin maye ne. Na tabbata wannan bai faɗa maka ba. Abin da ya faɗa maka shi ne wani ɗan sanda ya ce shaidu sun tabbatar bai wuce ƙa'idar gudu ba. Gaskiya ne, an faɗi haka. Shi kuma ya ɗauki wannan magana guda ya rataya a wuya, yana yawo da ita gida-gida, har a bakin coci bayan sujada. In ka ce masa giya, ya ce mil shida. In ka ce mace ta kusa mutuwa, ya ce wa ya ce ta tsaya? In ka ce kotu, ya ce ƙasar nan ba su san al'ada ba. Na yi magana har muryata ta dushe, ko a jikinsa.

Jerome ya zo gidana bayan kwana kaɗan, shi ma abin yana cin sa. Ya ce shi a ganinsa dokar gudun nan ce ta cece mu, don da a guje muke da ba mutum ɗaya za a tsamo ba. Ban musa masa ba, kuma kai ma ba zan ɓoye maka ba, haka ne. Duk lokacin zafi ana kawo mana irinsu asibiti, kuma na ga bambancin wanda ya yi karo a hankali da wanda ya yi karo a guje, na biyun sau da yawa ba ɗakinmu ake kai shi ba, sai ɗakin ajiye gawa. Doka tana rage ƙarfin bugu, na yarda. Amma ba ta hana bugun. Allon dokar gudu da aka kafa a bakin ruwa da mai hankali yake magana. Wanda ya yi tatul, ko dai bai ga allon ba sam, ko kuma ya gan shi ya rungume shi kamar ɗan'uwanmu, ya ɗauka tunda ya bi wannan ɗaya an yafe masa sauran. Ni a ganina dokar ma ita ta ba shi ƙarfin gwiwar shanye ƙoƙo na uku. Mutum yana iya nutsewa a ruwan da jirgi ke tsaye cik, balle mai tafiya da matuƙin da bai san hagunsa da damansa ba. Jerome ya ce shi dai ya yi rantsuwa ba zai ƙara zuba wa kowa wuski a ƙoƙo ba.

Yanzu ga inda muke. Saura zama na biyu, na sa rana, wanda aka shirya yi kafin Mama Olive ta koma gida a watan gobe. Mutanen Longji ba su ce sun fasa ba, mutanen kirki ne, amma sun yi shiru, kuma ka san irin wannan shirun. Shi kuwa Yaya Chuwang ko gaisuwar asibiti bai je ba, wai zuwa yana nufin ya amsa laifi. Ya ce har gobe shi ne wakilinka, babu mai sauke shi sai kai. Kuma, Yaya, ka zauna da kyau kafin ka karanta wannan: ya ce zama na biyun ma a jirgin za a yi, don ya wanke sunansa, kuma don a kwantar da hankalin kowa wannan karon mil uku zai yi. Mil uku! Da na ji haka sai da na fita waje na zagaya gidan kafin in iya ba shi amsa. Diana ta rame, ba ta ci, tana zuwa aiki ta dawo ta shige ɗaki. Longji yana kiranta kullum, amma yaro ne mai uwa, kuma da hannunsa ya lalubo uwar tasa a ƙarƙashin ruwa.

Jiya na je Annandale na duba Mama Olive. Ta warware, sai dai 'yarta da ke kula da ita ta ce har yanzu ko fuska za ta wanke sai an tsaya kusa da ita. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta riƙe hannuna ta yi mini godiya, ta ce tana son Diana kamar ita ta haife ta. Sannan ta ce abu ɗaya take so ta sani kafin ta sa ɗanta a cikinmu: a gidanmu, idan babba ya kama hanyar da za ta hallaka mutane, wa ke tsayar da shi? Ta ce ta ga mutum goma sun kasa, to akwai na sha ɗaya? Na ce mata akwai, yana Bukur.

Don haka ina roƙonka, ba don ni ba. Ka kira Yaya Chuwang da kanka, ba saƙo ba. Ka gaya masa ya je ya durƙusa wa matar nan ya ba ta haƙuri. Ka gaya masa za a yi zaman a falona, a kan ƙasa, kuma ƙoƙon Baba taɓa baki za a yi. In ya ƙi, ka sauke shi ka naɗa Baban yara ko fastonmu. Na san da nauyi mutum ya kunyata ƙanensa a idon baƙi, kuma na san zai yi fushi da kai, wataƙila har Kirsimeti ba zai ɗauki wayarka ba. Zai huce. Mu duka nan mun gaya masa bai ji ba, don a wurinsa mu yara ne. Kai kaɗai ka girme shi a duniyar nan.

Ka gai da Yaya Atine da kyau, ka ce mata atamfar tana nan tafe. Ka gai da Gwaggo da mutanen Zawan, da Almu maƙwabcinmu da iyalinsa, da dukan 'yan zumuntar mata da suka yi mana addu'a. Baban yara yana gaishe ka, yara ma suna gai da Babansu na Jos. Matar Yaya Chuwang ta ce in gaishe ka a ɓoye, kuma ta ce in ce maka ka yi sauri.

Na shiga ɗakin Diana na ce mata ina rubuta maka takarda, ko tana da saƙo. Ta ce in bar wurin gaisuwarta babu komai tukuna, sai ta ji abin da babanta zai ce.

Ubangiji ya ba ka hikima, ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Kaneng